Gyaran tsohuwar Camaro ta 1969: abin da aka tattara

To jama'a maganar da aka yi kan yadda za a gyara tsohuwar motar Chevrolet Camaro ta 1969 ta yi tsawo sosai, ga abin da na tsamo.

1. Kusan kowa ya yarda a fara da tsatsa kafin a taɓa injin. A duba ƙasan bodi, cikin but da gefen gilashin baya inda ruwa ke kwanciya, don in ƙarfen ya ruɓe fenti ba zai ɓoye shi ba, sai an yanke an yi walda.

2. Birki babu gardama, a cire na ganga na gaba a sa na faifai. Wayarin ma a sabunta gaba ɗaya.

3. A kan injin ne aka rabu biyu. Wasu sun ce a sa injin zamani na LS3 mai lita 6.2, yana tashi da safe ba wahalar kafireta, wasu kuma suka dage cewa in injin asali ne mai lambar da ta dace da motar, musamman Camaro samfurin Z/28 mai injin 302, cire shi zai karya darajarta. Ni ina tare da na biyun gaskiya, irinsu ba su da yawa.

4. Duk abin da aka kwance a ajiye, kar a sayar.