Askata ta hwaɗi ta yi giɓi, mi za ni yi?

Ɗan Wanzami: Salamu alaikum jama'a. Jiya ina hiddo kaya daga zabira aska ta suɓuce min ta hwaɗi bisa siminti, bakin ya yi giɓi kamar ƙwarar gero wajen tsakiya. Ta mahaifina ce Allah jiƙan shi, wallahi ban iya yada ta. Tana gyaruwa?

Baban Hajara: Wa alaikumus salam. Tana gyaruwa in dai ba tsagewa ta yi ba, ɗaga ta ga rana ka duba da kyau. Samu dutsen washi mai kaushi ka zuba ruwa, kwantar da ita duka da gadon bayan ka riƙa ja gaba ɗaya har bakin ya sauko daidai da giɓin, kada ka ci wurin kaɗai sai ta yi rami. Sannan dutse mai laushi, sannan fata. Sai ka yi haƙuri don tana cin lokaci.

Na Maƙera: Ƙanena don Allah kada ka kai ta ga injin washi, zahi na kashe ƙarhen, tawa haka ta lalace ta yi shuɗi ba ta ƙara riƙe kaihi ba. In hannunka bai saba ba taho Maƙera Asada, unguwar maƙera nan Sakkwato, tsohhi su duba maka.

Ɗan Wanzami: Na gode ƙwarai, na duba babu tsaga. Gobe in sha Allahu ina tahe.