Rigireshon ba "koma-baya" ba ne: wane suna za mu sa masa?

Jiya bayan la'asar ƙanwata, wadda ke karatun tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tana bita a tsakar gida. Inna ta tambaye ta me take karantawa haka har tuwonta ya huce. Ta ce "rigireshon". Inna ta ce a faɗa mata da Hausa. Yarinya ta duba waya ta ce wai "koma-baya". Inna ta ce, "Subhanallahi, mu da muka kai ki neman ci gaba?"

Mun sha dariya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Sunan wannan dabara ta lissafi ya samo asali daga Francis Galton, Baturen Ingila, a 1886. Ya auna tsawon iyaye da na 'ya'yansu, ya ga 'ya'yan dogaye sukan yi tsawo amma ba su cika kamo iyayen ba, sai su karkato zuwa matsakaicin tsawo. Wannan karkatowar ya raɗa wa suna, mu ce "komawa tsakiya". Lissafin kuwa ya girme sunan, tun 1805 Legendre na Faransa ya wallafa shi. Don me za mu gaji suna da ko a gidansu bai dace da aikin ba?

Ga aikin. Ɗauki farashin buhun albasa a Sakkwato. Ya danganta da yawan wadda aka sauke daga Goronyo da Wurno, da kuɗin mota, da nisan lokaci daga girbi. Ɗalibi zai tara alƙaluma ya tambaya: in kuɗin mota ya ƙaru, sauran suna yadda suke, nawa buhu zai ƙaru? Sai ya ja layin da ya fi kusa da alƙaluman gaba ɗaya.

Wani malami ya ce mini "awon tasiri". Kalmar ta yi daɗi a baki, sai dai ina tsoronta, Malam. A bazara cinikin ƙanƙara yana hawa, sanƙarau ma yana hawa, layi zai nuna suna tafiya tare. Ka ce "tasiri", ka ɗora wa mai ƙanƙara laifin da yanayi ya yi.

"Awon dangantaka" kuma a bar wa korileshon, wato lissafin yadda abubuwa biyu ke tafiya tare, tunda shi bai damu da wa ya jingina da wa ba.

Ni dai "awon dogaro" na zaɓa. Farashin albasa shi ne mai dogaro, kuɗin mota abin dogaro. Ikonometiriks gaba ɗaya, fannin nazarin tattalin arziki da alƙaluma wanda masani Ragnar Frisch ya raɗa wa suna a 1926, ya zama "awon tattalin arziki".

Inda na maƙale shi ne ɗan bambancin da ke saura tsakanin layi da ainihin farashin kasuwa. Ƙanwata ta ce "kuskure", na ce ba wanda ya yi kuskure. "Ragowa" ko "rara"? Malaman lissafi, a taimaka.