Neman shawara kan kalkulas na aji biyu

Ɗan aji biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan zangon mun shiga kalkulas mai x, y da z a lokaci guda, kuma tun da aka fara intigiral mai ninki biyu kaina ya kulle. Wane littafi ko bidiyo zai taimaka min? Jarrabawa ta ƙarato.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Nemi lakcocin Denis Auroux na jami'ar MIT ta Amurka, kwas mai lamba 18.02. Suna YouTube kyauta.

'Yar Fiziks: Sai dai ka tanadi data, kowace lakca ta kusa awa guda.

Yaya Babba: Ƙanena, kafin ka sayi littafi ka sayi fensir. Malamin da ya koya mana wannan kwas bai taɓa zana hoto a allo ba. Shigowa zai yi ya karanta takardarsa, ya rubuta ƙa'ida, ya fice. In ka yi tambaya ya ce ai yana cikin takarda. Ranar jarrabawa sai ya ba mu filin da ke tsakanin y = x² da y = x, ya ce mu juya tsarin, mu fara da dx maimakon dy. Yawancinmu a nan muka zube, har yau abin yana min ciwo, domin tambayar ba ta da wuya. Da an zana, da an ga layukan sun haɗu a 0 da 1, kuma x na tafiya daga y zuwa √y. Shi ke nan fa. Wanda bai ga filin da idonsa ba, iyakokin intigiral haddarsu kawai yake yi, kuma hadda ba ta jure sauyin tambaya. Don haka kowace tambaya ka zana tukuna. In siffa mai tsawo, faɗi da zurfi ce ta gagare ka, buɗe manhajar zane ta GeoGebra a waya ka jujjuya siffar har ta zauna maka.

Malamin sakandare: Gaskiya ne. Ka kuma kula da r ɗin nan na r dr dθ, wanda ke maye gurbin dx dy in ana aiki da nisa daga tsakiya (r) da kusurwa (θ). Gwada da da'irar da nisan tsakiyarta zuwa bakinta a ne: da r za ka sami πa², girman filinta ke nan. Ka yar da r, sai 2πa ta fito, wato tsawon kewayenta.

Injiniya: Mu dai littafin kalkulas na Stewart muka bi, tambayoyinsa sun isa.

Mai Tsantsar Lissafi: Ku injiniyoyi ku dai a ba ku ƙa'ida ku zuba lambobi. Wanda bai iya ditaminan ba, wato lambar da ake fitarwa daga matiris (jerin lambobi a layi-layi), ta ina zai gane Jakobiyan, wanda daga gare shi r ɗin nan ya fito? Ya koma kan aljabaran matiris tukuna.

Injiniya: Gadar da kake bi kullum, hujjarka ce ta gina ta?

'Yar Fiziks: Ku biyun nan ba ku gajiya. Mu a wajenmu daibajans (ma'aunin bazuwa) da kal (curl, ma'aunin juyawa) na wannan kwas ba ado ba ne, da su aka rubuta ƙa'idojin Maxwell na lantarki da maganaɗisu.

Mai Tsantsar Lissafi: To ku sani, George Green da kuke amfani da ƙa'idarsa mai injin niƙa ne a Nottingham, shi ya koya wa kansa, ya buga aikinsa a 1828 tun bai shiga jami'a ba. Ita kuwa ƙa'idar Stokes, masanin fiziks Kelvin ne ya fara rubuto wa Stokes ita a wasiƙa a 1850, shi kuma Stokes ya saka ta a jarrabawa a Cambridge a 1854.

Malamin sakandare: Allah sarki ɗaliban da suka fara cin karo da ita a ɗakin jarrabawa.

Ɗan aji biyu: Na gode Yaya, na fara zanen. Amma har yanzu ban gane ba, Stewart zan nema ko bidiyon?

Injiniya: Wa ke da tsofaffin tambayoyin bara? Ya turo.