Fijo 504 ta karkace bayan canza sifirin

Ɗan Runjin Sambo:
Salam jama'a, 504 ce ta marigayi Baba ƙirar 1979, munka canza mata sifirin (naɗaɗɗen ƙarhen da ka ɗaukar nauyin mota bisa taya) na gaba duka biyu sati guda ke nan, amma gefen direba ya zauna ƙasa da kusan inci ɗaya, bakanike na ta cewa za ta daidaita da kanta, ni dai hankalina bai kwanta ba. Mi ka kawo wanga?

Usta Mabera:
Ƙanena ka fara duba iskar taya, ka aje ta kan siminti mai lebur, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin fenda ba daga ƙasa ba. Galibi yaran gareji su ka ɗaure notin bushin (robar da ke mahaɗin ƙarahunan ƙafar mota) tun mota tana bisa jak, sai robar ta murɗe ta riƙe ta. A sassauta, a sauke ta, a girgiza, sannan a ɗaure.

Gidan Igwai:
Gaskiya ne Usta. Ni tawa wutsiyar sifirin ce ba ta zauna cikin gurbinta ba. Kuma ka duba baya hwa, in na baya ɗaya ya gaji gaba ma sai ta karkace.

Usta Mabera:
In duk ba su ba, a musanya na hagu da na dama, in karkatar ta koma wancan gefen to sifirin ɗin ne ba iri ɗaya ba, ka mai da ma mai shago kayanshi.