Kat-kat tana ja dama: faralelizim ne ko taya?

Mai Hilux: Assalamu alaikum ƴan uwa. Hilux ɗina ce ta dame ni. Tun da na dawo daga Cintabaraden ranar Lahadi, da na hau kwalta na ɗan sassauta hannu sai ta nufi dama, kafin in ƙirga biyar ta kai bakin hanya. Jiya daga Tawa zuwa Ƙonni kafaɗata har ciwo ta yi don riƙon sitiyari. Wani ya ce min duk motar da ke ja gefe ɗaya faralelizim ɗinta ne ya lalace, babu wata magana. Haka ne?

Direban Abalak: Wa alaikumus salam. Haka ne mana, Alhaji. Wanda ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas ya san abin da ramuka ke yi wa ƙafar mota. Ka kai ta a ɗora a na'ura ka huta.

Baba Makanike: Ɗana, ban yarda ba. Abin da akasarin garejinmu ke kira faralelizim shi ne daidaita bakin tayun gaba, kada su tsuke ciki ko su buɗe waje. In wannan ya lalace, taya ce ke cinyewa, sitiyari kuma ya tsaya a karkace alhali mota na tafiya sak. Amma ja, da wuya. Tayun biyu a haɗe suke da sitiyari ɗaya, da mota ta fara tafiya sai su raba kuskuren daidai tsakaninsu. Mota tana ja ne in gefe ɗaya ya bambanta da ɗan uwansa.

Direban Abalak: Baba, da girmanka, ni dai na gani da idona. Motata ta yi wannan ciwon bara, aka yi mata faralelizim, ta daina.

Baba Makanike: Kafin su ɗora ta, ba su auna iska ba?

Direban Abalak: Sun auna.

Baba Makanike: To wa ya san wanne ne ya warkar da ita? Amma bari in ba ka gaskiyarka. Hilux ta yanzu kowace ƙafar gaba zaman kanta take, kuma akwai ƙusoshi a hannun ƙasa da ake juyawa a gyara kwanciyar taya. In rami ya gusar da su, mota za ta ja wajen tayar da samanta ya fi kwantawa waje. Wannan kam aikin na'ura ne. Land Cruiser 79 kuwa gadar gaba guda ce, ƙarfe ɗaya daga taya zuwa taya, bakin taya kaɗai ake iya juyawa. In ta ja, sai dai a duba robobin hannuwa ko a ga ko gadar ta lanƙwashe. Mutum zai biya kuɗin na'ura sau uku, ya fito tana ja yadda take.

Direban Asibiti: Alhaji, ka rage iska a rairayin can arewa?

Mai Hilux: Na rage, Malam. Na sauko da su wajen kilo 1.5, da na fito aparanti ya mayar da iskar da famfo.

Direban Asibiti: Da ma'auni ko da bugun ƙafa? Mota tana bin tayar da iskarta ta yi ƙasa. Ka auna su da safe tun ba su yi zafi ba, ka bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba. Sannan ka tuna kwalta a gangare ake yin ta don ruwa ya sauka, mu kuma a dama muke tuƙi, kowace mota takan ɗan sulale dama a hankali. Ka gwada a fili mai shimfiɗa.

Mai Sayar da Kayan Mota: Ku kun manta birki. Kwanaki wata mota ta tsaya gaban shagona daga Badagishiri, ƙauri na tashi. Na kai hannu kusa da ƙarfen tayar dama, zafi kamar bakin tanda, ta hagu kuwa ɗumi kawai. Ƙura ce ta shiga fistan ɗin birki ya ƙi komawa. Alhaji, ka yi kilomita 10 ba ka yawan taka birki ba, ka tsaya ka gwada zafinsu, amma kada ka taɓa faifan.

Baba Makanike: Wannan magana ce. Ka leƙa baya ma. In ƙusar tsakiyar lam, wato ƙarafan nan da aka jera masu ɗauke da nauyin baya, ta karye, gadar baya takan gusa, mota ta riƙa tafiya a kaikaice. Amma kafin komai, in iska ta daidaita tana ja, ka musanya tayun gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya juya, taya ce. In da kibiya a gefen tayar, don gwaji kawai za ka yi, ka mayar da su.

Mai Hilux: Jama'a, na dawo. Iskar dama ta yi ƙasa da kaɗan, muka cika, ba ta daina ba. Zafin tayu ɗaya ne. Da muka musanya, tun kafin in fita gari ta fara ja hagu. Tayar da ta koma hagu ta hannu ce, na saye ta wata biyu da suka wuce. Mai faci ya juya ta a gabana, ya shafa tafinsa a kanta, ga wani ɗan tudu ya taso, ya ce wayar ciki ce ta saki.

Direban Abalak: Na karɓi wannan. Amma ka duba gefen ciki na ɗayar tayar, Alhaji. In ya fi na waje cinyewa, ina nan a kan bakana, na'ura na jiranka.

Mai Hilux: Ya ɗan fi cinyewa, gaskiya.

Baba Makanike: To ka je, amma bayan ka sa tayu biyu iri ɗaya a gaba. Waccan mai tudu kada ka sake hawa kwalta da ita, a zafin nan fashewa za ta yi. Ka biyo gareji gobe bayan Azahar in ɗaga motar in girgiza rotil, wato gaɓoɓin ƙafar gaba, don in sun yi sako-sako, duk abin da na'ura ta daidaita ramin farko zai warware shi.

Mai Hilux: Allah ya kai mu, Baba. Na gode muku duka.