Rabawa da lamba mai ɗigo: a ina ake yawan tuntuɓe?

Malamar aji shida:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa a kan wannan matsala. Yaro ya iya raba 450 gida 25 ba gargada, amma da ka rubuta masa 4.5 ÷ 0.25 sai ya daskare. In ka nuna masa amsar 18 ce, sai ya ce ba za ta yiwu ba, wai ta yaya za a raba abu kuma ya ƙaru. Abu na biyu ya fi damuna: idan tambayar ta zo cikin jimla, bai san ko ninkawa zai yi ko rabawa ba. Wace hanya ce ta yi muku aiki?

Mai koyar da lissafi a sakandare:
Wa alaikumus salam Malama. Tushen abin shi ne mun saba wa yara cewa rabawa na rage lamba. Hakan gaskiya ne muddin abin da ake rabawa da shi ya wuce 1. Da zarar ya gaza 1, amsa sai ta fi lambar farko girma. Ki sauya musu yadda ake karanta tambayar. Maimakon "raba 4.5 gida 0.25", wanda ba ya ba da ma'ana a kunne, a ce "0.25 nawa ne a cikin 4.5?" Ki kawo igiya mai tsawon mita 4.5 a riƙa yanka santimita 25, wato mita 0.25. Mita ɗaya na ba da yanka huɗu, mita huɗu 16, rabin mita biyu, jimilla 18. Wanda ya ƙirga yankan da hannunsa ba zai sake musu ba.

A kan takarda kuma matakan su ne: duba lambar da kake rabawa da ita, ƙirga gurbi nawa ne bayan ɗigonta. A 0.25 biyu ne, don haka a ninka lambobin biyu duka da 100. Sai 0.25 ta koma 25, 4.5 ta koma 450. Nan ne wajen faɗuwa: 4.5 gurbi ɗaya kawai take da shi, sai yaro ya goge ɗigon kurum ya rubuta 45 ÷ 25, ya samu 1.8. Dole a cike gurbin da babu kowa da sifili. Lambar da ake rabawa da ita ce ke yanke yawan matsawar ɗigon, ɗayar bin ta kawai take yi.

Tsohon malamin firamare:
Malam, na yarda da matakanka, amma ina roƙon a daina cewa "matsar da ɗigo" tun farko. Yaron da aka koya wa haka yana ɗauka wata dabara ce da ba ta da dalili, shi ya sa yake matsar da na ɗaya ya bar ɗayan. A fara nuna masa 6 ÷ 2, 60 ÷ 20, 600 ÷ 200, duk amsa 3. Sai ya gano da kansa cewa in aka ninka ɓangarorin biyu da lamba ɗaya, amsa ba ta canzawa. Bayan nan ko ka ce "matsar da ɗigo" ya san abin da ke ƙarƙashi.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan gani a takardun jarrabawa, wato sifilin tsakiya. Ɗauki 7.56 ÷ 7. Bakwai cikin 7 sau 1, a sa ɗigo a sama daidai inda yake a ƙasa. Bakwai cikin 5 ba ya shiga, to a nan dole a rubuta 0 kafin a sauko da 6. Bakwai cikin 56 sau 8. Amsa 1.08. Da yawa suna tsallake sifilin su rubuta 1.8. Maganinsa gwaji: 1.8 sau 7 ya ba da 12.6, ya yi nisa da 7.56. Duk rabawa a mayar da ita ninkawa kafin a ja layi.

Malamar aji shida:
Na gode Baba. To batun zaɓen ninkawa ko rabawa fa? Wasu littattafai suna ba da jerin kalmomi, wai in ka ga "kowane" ka raba, in ka ga "duka" ka tara.

Mai koyar da lissafi a sakandare:
Wannan jerin shi ke kai su ya baro. Dubi tambayoyin nan biyu. Ta farko: mita ɗaya na ƙarfe na da nauyin kilo 2.4, nawa ne nauyin mita 0.8? Ta biyu: mita 0.8 na ƙarfe na da nauyin kilo 2.4, nawa ne nauyin mita ɗaya? Kalmomi iri ɗaya, lambobi iri ɗaya. Ta farko ninkawa ce, 2.4 × 0.8 = 1.92. Ta biyu rabawa ce, 2.4 ÷ 0.8 = 3. Babu kalmar da za ta bambanta maka su.

Abin da ke aiki shi ne a cire lambobi masu ɗigo a sa cikakku masu sauƙi. Idan mita 2 na da nauyin kilo 10, nawa ne na mita ɗaya? Kowa zai ce 5, kuma ya san 10 ya raba gida 2. To a mayar da lambobin asali kowace a mazauninta, a yi abin da aka yi. Kafin a taɓa biro kuma a tambaya: amsar za ta fi 2.4 ko za ta gaza? A tambaya ta biyu mita ɗaya ya fi 0.8 tsawo, dole nauyinsa ya fi 2.4. Wanda ya samu 1.92 a can ya san ya ɓata hanya.

Injiniyan gine-gine:
Zan ƙara da ma'auni, domin shi ke faɗa maka wa zai hau sama wa zai zauna ƙasa. In ana neman kilomita nawa mota ke yi da lita ɗaya, kilomita ake rabawa da lita. Mota ta yi kilomita 94.5 da lita 7.5: 945 ÷ 75 = 12.6. In ka juya ka samu 0.079, wannan lita nawa ce a kilomita ɗaya, amsar wata tambaya ce daban. Mutane kan ɗauka babbar lamba ce kullum ke zuwa farko, alhali 3 ÷ 12 halal ne, 0.25 ne.

Sai lokaci, wanda ko manya yana kayar da su. Awa 2 da minti 30 ba 2.30 ba ne, 2.5 ne, domin awa minti 60 ce ba 100 ba. Tafiyar kilomita 150 a wannan lokaci gudun 60 ne a awa. Wanda ya danna 2.30 a kalkuleta zai samu wajen 65.2, kuma lambar ta yi kama da gaskiya, shi ya sa ba a kama ta. A raba mintocin da 60 tukuna: minti 45 shi ne 0.75, minti 12 shi ne 0.2.

Ma'aikaciyar jinya:
A wajenmu ɗigo ba wasa ba ne. Idan an rubuta miligiram 0.5 kuma kowace ƙwaya 0.25 ce, lissafin 0.5 ÷ 0.25 ne, ƙwaya 2. Ƙa'idar rubutu ita ce a sa sifili gaban ɗigo, 0.5 ba .5 ba, kuma kada a rubuta 5.0, a rubuta 5 kawai. Ɗigo ƙaramin abu ne, in bai fito ba .5 ta zama 5, 5.0 ta zama 50, ninki goma kenan. Malamai, ku saba wa yara wannan sifilin tun suna ƙanana. A lura kuma, Faransa da Jamus waƙafi suke sawa a inda Ingila da Amurka ke sa ɗigo, don haka 1,5 a takardar da ta fito daga can ɗaya da rabi ne.

Tsohon malamin firamare:
'Yata ta faɗi gaskiya. Saura batun ragowa, wanda kalkuleta ba ta warware wa kowa. Ruwa lita 50 za a zuba a kwalabe masu cin lita 1.5. Na'ura za ta nuna 33.333. Idan tambayar kwalba nawa za su cika, 33. Idan kwalba nawa ake bukata don kada ruwa ya rage, 34. Idan kuma ruwan da ya saura ake nema, ba lita 0.33 ba ne kamar yadda da yawa ke rubutawa. Wannan .333 sulusin kwalba ne. A ninka 33 da 1.5 a samu 49.5, a ɗebe daga 50, saura lita 0.5. Haka lamarin yake a doguwar rabawa: in ka ninka da 10 ka yi 500 ÷ 15, ragowar 5 da ka gani sai ka mayar da ita 0.5, domin amsa ce ba ta canzawa, ragowa kuwa ta ninku tare da sauran.

Injiniyan gine-gine:
Kada kuma a taƙaita lamba a tsakiyar aiki. 10 ÷ 3 in ka mayar da ita 3.3 ka ninka da 6 za ka samu 19.8 maimakon 20. A bar ta yadda take a na'ura, ko a fara ninkawa sannan a raba, a taƙaita a ƙarshe. Ga waɗanda ya kamata a haddace don lissafin ka: rabawa da 0.5 ninkawa da 2 ce, da 0.25 ninkawa da 4, da 0.2 ninkawa da 5, da 0.1 ninkawa da 10.

Malamar aji shida:
Allah ya saka da alheri. Malam, in za a jera darussan, igiyar ce farko ko 6 ÷ 2 da 60 ÷ 20 na Baba?

Mai koyar da lissafi a sakandare:
Igiya farko, da 0.5 kawai, sai 0.25. Bayanta na Baba. Sannan lamba mai ɗigo a raba da cikakkiya, har da masu sifilin tsakiya irin 7.56 ÷ 7 da 6.18 ÷ 6. Sai mai ɗigo da mai ɗigo, ki fara da masu gurbi daidai kamar 2.4 ÷ 0.8 kafin masu bukatar ƙarin sifili. Tambayoyin jimla kuma ki riƙa ba su bibbiyu, ɗaya ninkawa ɗaya rabawa da lambobi iri ɗaya, su rubuta "za ta fi" ko "za ta gaza" a gefe kafin su fara lissafi.