Neman shawara: jarumar littafina mai otizim ce, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Ina tsara littafin binciken laifi. Jarumar 'yar shekara 14 ce mai lalurar otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da mutane da fahimtar maganarsu, ita ce za ta gano wanda ya ɗauke kuɗin adashi a gidansu. Me ya kamata in karanta tukuna, kuma a ina marubuta suka fi yin tuntuɓe?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam, Malama. Fara da The London Eye Mystery na Siobhan Dowd, 2007, domin shi ya fi kusa da abin da kike nufi. Ted, ɗan shekara 12, da yayarsa Kat suna kallo ɗan'uwansu Salim ya shiga ɗaya daga akwatunan ɗaukar mutane na London Eye, ƙaton lilon nan na Landan, da ƙarfe 11:32. Da 12:02 akwatin ya sauko, kowa ya fito ban da shi. Ted ya jera hasashe ɗaya bayan ɗaya, yana soke wanda hujja ta ƙaryata. Ki karanta shi da biro, ki yi alama duk inda aka ajiye hujja da inda aka yi amfani da ita.

Sai The Curious Incident of the Dog in the Night-Time na Mark Haddon, 2003. Christopher ɗan shekara 15 ne a garin Swindon, yana binciken wanda ya kashe karen maƙwabciyarsu. Muryar mai ba da labari ce darasin da ke ciki, har lambobin babi daga lissafin da yaron ke so aka ɗauko su, wato lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu, daga 2 zuwa 233. Amma kada ki kwaikwayi ƙirarsa, tun wajen tsakiya aka san mai laifin, sauran duk rikicin iyali ne. Kuma Haddon da kansa ya ce shi ba masanin lalurar ba ne. Akwai ashar a ciki, idan za ki miƙa wa yara.

Amsa ta 2

'Yar'uwa, babban ramin shi ne kwafo alamomi daga littattafan Turawa a liƙa wa Bahaushiya. Ɗauki rashin haɗa ido. A Ingila abin lura ne, a gidan Bahaushe kuwa yarinyar da ta sunkuyar da kai gaban babba yabonta ake yi da kunya. Ba wanda zai ga wani abu a nan. Inda za a gane ta daban shi ne doguwar gaisuwa, yadda za ta amsa "ina gajiya" da gaskiyar gajiyarta, ko a ce mata wane ya yi ɓatan dabo ta tsaya neman mai dabon. Habaici da zaurance su ne za su fi wahalshe ta, kuma gidan kishiyoyi da habaici ake magana.

Nan ma ribarki take. Wanda ba ya bin habaici yakan riƙe ainihin kalmomin da aka furta. Sa ta tuna cewa wance ta ce "da na dawo daga awo" ran Talata, alhali ran Laraba ake awo a gidan. Hujjoji uku irin wannan sun isa: ɗaya a rubu'in farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya daf da ƙarshe, kowacce a gaban idon mai karatu.

Kuma ki sa lalurar ta ci mata wani abu. Idan ƙarar injin markaɗe ko hayaniyar gidan biki na rikita ta, to shaidar da take buƙata ta kasance a gidan bikin. Idan ta rikice, kwana guda ko fiye za ta yi tana farfaɗowa, binciken ya tsaya, mai laifi ya samu sarari.

Amsa ta 3

Ƙari kaɗan, Malama. Kada ki mai da ita kwamfuta mai haddace komai, yawancin masu otizim ba su da wata baiwa ta ban mamaki. Sha'awa guda mai zurfi ta wadatar, kamar yadda Ted ya damu da hasashen yanayi. Kuma kada warware laifin ya zama waraka, lalurar ba ta tafiya.

Batun suna: ki guji Asperger, tsohon sunan wani nau'in lalurar, idan labarin na yanzu ne, tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya narkar da shi cikin otizim. Kalmar galahanga kuma mutane na jibga mata lalurori daban-daban, don haka ki bar ta a bakin mutanen gidan, likita ya faɗi sunan daidai.

Ki nemi The Framed Women of Ardemore House na Brandy Schillace, 2024, marubuciyar ita kanta mai otizim ce. Idan kin gama babi 3 na farko, ki ba mutum biyu masu lalurar su karanta, ba iyayensu kaɗai ba, ki tambaye su wane layi ne jarumar ba za ta taɓa faɗa ba.